Koriya ma sun yi karatu da rauji, ku faɗa wa masu sauraro

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki. Na saurari shirinku na makon jiya kan ilimi a Koriya ta Kudu, wallahi ya yi daɗi, sai dai inda baƙonku yake cewa wai karatu da ƙarfi da hadda ci baya ne, to nan kam ban yarda ba, kuma tarihin Koriyar ma bai goyi bayansa ba.

Ɗaruruwan shekaru yaran ƙauyukansu a seodang suke karatu, wato makarantar malami ɗaya, shi malamin suna kiransa hunjang, yara a zaune a ƙasa gabansa kowa na rera darasinsa da murya yana rangaji gaba da baya, har sai ya zauna a ka sannan ya zo ya biya wa malam. Littafin farko shi ne Cheonjamun, haruffan Sinanci guda 1000 an jera su huɗu huɗu, yaro ya faɗi ma'ana da yarensu sannan ya faɗi lafazin, ya fara da harafin "sama", sai na "ƙasa", haka dai har ƙarshe. In ya sauke littafi iyaye su kawo wa malam da ɗalibai wainar shinkafa. Ranar da na fara sanin wannan sai da na tuna walimar saukata a makarantar allo, duk da abin da ake karantawa ba ɗaya ba ne ko kusa, hanyar koyon nake magana.

Mabiya Buda ɗinsu ma har gobe rera littattafansu suke suna buga wani ɗan katako mai suna moktak don kar kari ya ɓace, a wurin ibadarsu na Haeinsa akwai allunan katako sama da 81,000 da aka sassaƙa rubutun littattafan nasu a kai tun ƙarni na 13.

Gaskiya ne seodang ta ja baya, an soke tsohuwar jarrabawar shiga aikin gwamnati a 1894, makarantun zamani suka shigo. Amma kun san me ya faru? Salon rera littafi da suke kira songseo, yanzu birnin Seoul ya sa shi cikin kayan gadon da hukuma ke karewa, don masu iyawa sun yi ƙaranci. Wannan shi ya taɓa min zuciya, sai da abu ya kusa ɓacewa aka dawo ana lallaɓa shi.

Don Allah ku sake shirin, ku sa mana muryar mai songseo ko na minti biyu ne mu ji da kunnenmu, ku gayyato alaramma guda ya zauna da baƙon naku.

Naku mai sauraro kullum, daga Zariya.