Abba, kan maganar wai in zauna in huta

Assalamu alaikum Abba, ya aiki ya iyali, a shafa min kan yara. Kuɗin da ka turo sun shigo, Allah ya yi albarka ya ba ka masu yi maka.

Na ji saƙon da ka turo wa ƙanwarka a WhatsApp cewa a lallashe ni in bar zuwa gona in zauna in huta. Na san tausayi ne, amma bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa maka ba. Da na cika shekara 35 a aiki a 2015 aka sallame ni kamar yadda doka ta ce, ranar Litinin ta farko na dawo daga masallaci na yi wanka na sa kaya har da hula, sai a zaure na tuna ba inda za ni. Wallahi wata kusan takwas ina zaman dakali da rediyo a kunne, wayar da da ba ta hutawa ta yi tsit, giratuti shiru, hawan jini ya taso, ga faɗa da Ummanku kan abin da bai kai ya kawo ba. Hutun da kake so min na riga na ɗanɗana shi, ba na fatan komawa.

Wani abokina ne ya ja ni Kadawa, na ga ruwan dam ɗin Tiga yana gudu a kanal cikin rani, ko'ina kore shar, na karɓi hayar rabin eka na sa tumatir. Shekarar 2016 ce, tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye shi tas, ko kwando ɗaya ban kai kasuwar Kwanar Gafan ba. Amma ka san me? A wannan shekarar ta asara barcina ya dawo, don kullum ina kwana da abin da zan tashi in yi. Yaran da ka girma su suka koya min rainon iri da dashe da lokacin ban ruwa, ni da na saba a miƙo min fayil in sa hannu, na durƙusa a laka ina tambaya kuma ban ji na ragu da komai ba. Daga baya na koma albasa da alkama, alhamdulillahi.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ko alƙiyama za ta tsaya in da dashe a hannunka ka dasa shi. Shehu Usmanu ma yana da shekara kusan 50 ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, babban aikin duk bayan nan ne.

To kai yanzu ka haura 40, kar ka jira takardar sallama ta same ka ba ka da abin yi sai kujerar ofis. Nemi wani abu naka tun yanzu, kiwo ne, sana'ar hannu ce, karatu ne, ka fara shi ƙarami ka yi kurakuranka tun kana da albashi. Kuma don Allah ka daina ce wa Ummanku ta rage zuwa Islamiyya saboda ƙafa, ita da ta fara da baƙi da wasali yanzu tana izu na 12, ka ga yadda take murna kuwa in ta dawo? In taimako za ka yi ka biya mata kuɗin adaidaita, ni kuma ka sai min takalmin ruwa lamba 43, nawa ya fashe.

Ina shan maganina kan lokaci, rana in ta take ina shiga inuwa, kar ka damu. In kun zo hutu zan kai ka gonar da yaran ku gani.

Mahaifinka