Mun juya wa Gulbin Maraɗi baya

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lahiya kai da ma'aikatanka, Allah shi ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni wuri in yi magana kan gulbinmu na nan Maraɗi da 'yar hanyar ƙafa da ke bin bakinshi, don abin ya daɗe a raina.

Ni dai ba sha'awa ta fara kai ni can ba. Likita ne ya auna ni ya ce hawan jini ya fara kama ni, ya ba ni magani kuma ya ce sai na riƙa tahiya a ƙasa, wai Hukumar Lahiya ta Duniya ma minti 150 take son babba ya motsa jiki a sati, wato minti 30 sau 5 ke nan. Na gwada bisa kwalta kwana biyu, ga 'yan kabu-kabu ga adaidaita ga hayaƙi, wallahi sai na ji kamar ciwon ma ƙaruwa yake, to sai wani dattijo maƙwabcina ya ce yaro mi zai hana ka gangara gulbi bayan sallar asuba? Yau wata 7 ke nan ban fasa ba sai ran da anka yi ruwa.

Malam Edita hanyar nan ba ta da wuya ko kaɗan, in ka gangaro daga tudu ta yamma da gari shi ke nan ka gama da hawa da sauka, sauran duk shimfiɗe ne, tsoho zai iya, mace mai goyo za ta iya, yarana ma ran Lahadi tare muke zuwa. Kana barin gidajen ƙarshe iska ke canzawa, sanyin fadama ya buge ka, ka shiga tsakanin garake, nan mai albasa yana ban ruwa, can mai tumatir da salati, ga zogale jere ga inuwar mangwaro, kowa ka wuce sai barka da aiki, wani ma ya ce tsaya ka tahi da ganye. Balbela na bin shanu, kurciya na kuka, dab da damina kuma shamuwa ta iso. Rannan ɗana ƙarami ya tsaya ƙarƙashin gawo yana tambayata mi ya sa shi yake kore shar da rani alhali itatuwa da yawa sun zubar da ganye, na ce mashi ai haka gawo yake, da damina yake kaɗe ganyenshi shi ya sa gero ke yin kyau ƙarƙashinshi, 'ya'yanshi kuma abincin bisashe ne. Yaron da anka haifa Maraɗi, yana lakwal, amma bai san gawo ba sai ran nan, abin ya taɓa ni ƙwarai.

Gulbin nan fa shi ne asalin garin. Daga wajen Katsina yake tasowa ya shigo ta Madarunfa ya wuce mu ya wuce Tibiri da Gidan Rumji kana ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Kakanninmu cikin kwarin nan sunka zauna har ambaliyar 1945 ta ci tsohon gari anka hau tudu. Tsofaffi suna cewa da can ruwa na daɗewa kwance, tun da anka yi madatsar Jibiya kuma ya ragu, yanzu mafi yawan shekara rairai ne kake takawa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne halin da muke sa wurin. Kusan duk inda kwararo ya gangara gulbi ya zama juji, leda baƙa ta rataye ga ƙaya kamar ita anka shuka, ruwan kwata na malala, wasu sun maida gindin itatuwa makewayi, masu ɗibar rairai na ta ƙwaƙule gaɓa har ƙasa na zubewa, akwai inda nake bi watannin baya yanzu ya rufta sai na kewaya ta cikin garkar mutane ina ba su haƙuri. Kuma mu ne, ba baƙi sunka zo sunka zuba ba, ni kaina yaran gidana can suke kai shara kafin in fara zuwa in gani da idona in hana.

Roƙona ga masu riƙe da gari da masu unguwanni da limamanmu, ba wani abu mai cin miliyoyi nike nema ba. A zauna da masu garake a ware hanyar ƙafa ko da kilomita 2 ce wadda babur ba zai bi ba, a hana zuba shara bakinta amma a nuna wa mutane inda za su kai don in ba haka ba gobe ma nan za su dawo, a dasa itatuwa ga gaɓa su riƙe ƙasa, a aza 'yan benci saboda tsofaffi. Matasan da ke zaman fada su ma in anka ba su tsintsiya da baro Asabar ɗaya a wata na san za su fito, ni ma ina ciki.

Wanda ke son gwadawa ya fita da sassafe kafin rana ta yi zahi, ya sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji, ya riƙe ruwan sha, kada ya tsinki kayan garkar kowa. Da damina kuma don Allah kada a shiga cikin gulbin kuma a tsare yara, ana iya yin ruwa can sama wajen Najeriya nan ko ɗigo babu sai dai ka ga ruwa ya taho da ƙarfi.

Na gode Malam Edita, Allah shi bar zumunci.

Naka mai karatu,
daga unguwar Bagalam, Maraɗi