Tsofaffi masu gigin tsufa na bukatar ƙananan gidajen kulawa a Zariya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan gigin tsufa, wanda likitoci ke cewa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansa nau'in Alzheimer ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa a duniya.

Goggona ta kai shekara uku a wannan hali. Tana sallar azahar sau biyu, ta ɗora tukunya ta manta, ranar nan kuma ta fice da asuba, sai a Ƙofar Doka aka tsinto ta yara na binta suna kiranta mahaukaciya. Mun kai ta asibiti an duba ta, amma asibiti ba wurin zama ba ne. Ni ke jinyarta, ga aiki, ga yara.

Na san mu Hausawa abin kunya ne a ce ka kai tsohonka gidan kulawa, ni ma ba na son babban gida irin na Turai. Abin da nake roƙo ƙaramin gida ne a cikin unguwa, mai ɗaukar mutum shida ko takwas, mata daban maza daban, da ma'aikaciyar jinya, kusa da masallaci, inda dangi za su leƙo kullum, ko a kai tsohuwa da safe a ɗauko ta da yamma.

Ina kira ga Masarautar Zazzau, likitocin Asibitin Koyarwa na Shika da masu bayar da waƙafi su zauna kan wannan. Ko a Tudun Wada ne a fara da gida ɗaya.

Wata mai jinya,
Tudun Wada, Zariya