Kar a raina rasor ɗin motar yara

Malam Edita, barka da aiki.

Don Allah a ba ni fili in ja kunnen masu gyaran ƴan motocin telekoman, na wasan yara da ake tuƙawa daga nesa, a nan Maraɗi. Kowa sai rasor (wato sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da ke rage girgiza) mai tauri, wai shi ne ƙarfi, alhali hanyoyinmu yashi ne da tsakuwa, mai taurin sai motar ta riƙa tsalle kamar fara, taya ba ta kama ƙasa. Mai laushi ake so, a bar mai tauri wa siminti.

Ni ma na ci wannan tuwon, na cire sifirin na biro na yanke don ya shiga motar ɗana, ashe yankewa ƙara masa tauri take. Kwana ɗaya gaban ya tsage, yaro na ta kuka har magariba.

Naku, mai karatu daga unguwar Zariya.