Anti ki taimaka min, kayan jarirai sun rikita ni

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, ya iyali ya fama da jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinki ce daga Tudun Wada nan Kaduna, dan Allah kar a faɗi sunana saboda gidanmu kowa na jin ki, har wadda zan yi maganarta.

Anti wata huɗu kenan da na haihu, haihuwar fari, mace. Na yi wankan jego a gidan iyayena a Kawo, bayan arba'in na dawo ɗakina, kuma gida ɗaya muke da Hajiya mahaifiyar maigidana, sashenta daban namu daban amma tsakar gida ɗaya. Wlh mutuniyar kirki ce, ba ƙararta na kawo ba, laifin farko ma nawa ne shi ya sa zan fara da shi.

Yarinyar nan da aka haife ta fara ce tas, sai da ta yi kamar wata biyu ta fara komawa kalar babanta. To kin san bakin mata, kowa ta zo sai ta ce kai ya naga yarinya na dishewa, me kike shafa mata ne, tun ina dariya har abin ya fara cina a rai. A guruf ɗinmu na WhatsApp akwai wata mai sayar da abin da take kira haɗin jarirai, wai ba bilicin ba ne, riƙe kala kawai yake yi, wai man kaɗanya ne da karas da man kwakwa. Na tura mata naira 6,500 ba tare da maigida ya sani ba, mai keke ya kawo min a wata farar roba, ba suna ba lambar NAFDAC ba ranar lalacewa, sai sitika mai hoton wani jaririn Turawa yana dariya. Ni da na yi karatu fa Anti, amma na karɓa na shafa wa 'yar wata biyu safe da yamma.

Sati biyu yarinya ta yi haske tana sheƙi, har Hajiya na cewa nono ya karɓe ta. Da robar ta ƙare ban sake saye ba saboda kuɗi, kwana huɗu tsakani sai ga wuyanta da hammata da matsematsinta sun yi jajur, ƙananan ƙuraje ko'ina, ba ta barci sai goga fuska take a jikina. Na ruga kemis ɗin bakin layi yaron ya miƙo min man nan da suke cewa mai aiki uku, na shafa ya lafa, na daina ya dawo ya fi na da.

Ranar allurar sati 14 ce asirina ya tonu. Nas ɗin tana cire mata pampas ta tsaya ta kalle ni ta ce Maman bebi me kike shafa mata, ki gaya min gaskiya. Na fito da ragowar bututun man kemis ɗin daga jaka, na kuma faɗa mata zancen robar. Ba ta yi min tsawa ba amma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta juya bayan kwalin ta nuna min rubutu, ta ce akwai sitiroyid a ciki, shi ke kwantar da ja nan take amma yana sa fata ta yi siriri, kuma fatar jariri ta fi ta babba tsotse abu, balle a ƙarƙashin pampas inda ake rufewa da ɗumi. Ta ce mai yiwuwa haɗin can ma irinsa aka zuba. Ta tura mu wajen likita, yanzu ba abin da nake shafa mata sai Vaseline fari marar ƙamshi, da wani farin mai na zinc a wajen kunzugu, ina kuma barinta ba pampas ta sha iska a kan zani. Alhamdulillahi da sauƙi sosai, saura ɗan tabo a wuya.

To tun daga ranar komai na gani tsoro yake ba ni, kuma anan matsalata da Hajiya ta fara. Kullum da safe ita ke mata wanka, ta gama ta ɗauko kwallinta na dutse wanda take daka da kanta ta ranbaɗa mata a ido har gira, sannan hoda, Anti ba ɗan shafawa ba, zazzagawa take har yarinya ta yi atishawa hodar na tashi kamar ƙurar hunturu. A asibiti an gaya mana irin kwallin nan ana samun dalma a ciki kuma dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yara, hoda kuma jariri na shaƙarta ta shiga huhu, na ma ji kamfanin Johnson's da kansa ya daina sayar da hodarsa ta talk, wato ta garin farin dutse, a duniya tun 2023 ya koma ta sitacin masara. Da sanyi ya shigo kuma sai man zafi, a ƙirji a tafin ƙafa har bakin hanci. Ga zuma da take laƙaba mata a baki wai don ciwon ciki, alhali an ce kar a ba yaro zuma sai ya shekara, ga ruwa da take cewa in ba ta wai alhaki ne a bar jariri da ƙishi a zafin Kaduna, su kuma asibiti nono zalla suka ce har wata 6.

Jiya kuma yarinya ta fara dalalar da miyau tana cusa hannu a baki, Hajiya ta ce haƙori ne, a sayo maganin haƙori na ruwa. Gabana ya faɗi, don Mamana ta sha ba mu labarin My Pikin, maganin haƙorin da ya kashe yara 84 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009 saboda gubar da ta lalata musu ƙoda, ta ce har asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya an kwantar da yara. Na ce to Hajiya za a sayo, na shige ɗaki na yi shiru, har yanzu ban aika ba.

Anti kin san al'adarmu, 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa a gaban Hajiya balle in ce kar a yi mata kaza, sai a ce ba ni da kunya, ita da ta raini tara duk suka girma lafiya. Maigida kuma in na yi masa magana sai ya ce ke dai ki yi haƙuri, da haka aka raine mu. Kuma ina jin nauyin matsa masa don in aka bi diddigi ni ce na fara cutar da yarinyar da hannuna, har yau bai san zancen robar ba, yana zaton ƙurajen zafi ne.

Sai maganar pampas, wannan kam aljihu ne. Na kwali mai suna ya fi ƙarfinmu a kullum, a Kasuwar Barci kuma akwai wanda ake ƙullawa a farar leda ba suna ana sayarwa da araha, maƙwabciyata shi take sa wa nata ba abin da ya same shi, ni kuma yanzu duk abin da ba suna gudunsa nake. Na sayi nafkin dozin ɗaya ina gwadawa da rana, amma ruwa sai mun saya wajen 'yan garuwa, ga sabulu, in ka lissafa kusan duk ɗaya.

Abin da nake so ki taimaka min da shi, ko ki gayyato mana likitan yara a shirin, shi ne a gaya mana dalla-dalla mene ne dole jariri ya samu na wanka da shafawa, mene ne kuma kwalliya ce kawai ta cin kuɗi, don in ka shiga shagon kayan yara a kasuwar Gumi sai ka ga sabulu da shamfu da mai da turare da tishun goge jiki kala goma kowanne da hoton jariri. Lambar NAFDAC kaɗai ta isa in yarda da abu, tunda ance ita ma ana buga ta jabu? Man kaɗanya na kasuwa wanda ake yankowa a ganye ba matsala? Sannan ta wace hanya zan bi Hajiya ta ajiye kwalli da zumar nan ba tare da ta ga na raina ta ba, na yi tunanin in roƙe ta ta raka ni asibiti ranar da za mu koma ta ji daga bakin nas da kanta, amma ina tsoron nas ɗin ta tayar da zancen man can a gabanta.

Shi kuma maigida, in faɗa masa ne ko in bar shi tunda yarinya ta warke?

Na gode Anti, ina sauraron ranar shiri, zan sa iyafis a kunne don kar Hajiya ta ga yanayin fuskata.

Taki,
wata mai goyo daga Tudun Wada, Kaduna