Gorar maganin feshi a hannun ɗalibina

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, na yi shekaru ina koyar da darasin maganin ƙwari yadda yake a littafi, in rubuta a allo su kwafa, jarrabawa tazo su juye min abinda na basu, in basu maki kowa ya kama gabansa. Rannan ana tsakiyar darasi wani yaro ya ɗaga gorar ruwansa zai sha, sai idona ya sauka kan jan layin dake gindin takardar jikinta, ga ragowar hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Wallahi sai da alli ya suɓuce min. Gorar maganin feshi ce, wai ai an wanke ta tas da sabulu. Abinda yafi ci min rai, yaron nan tara yaci cikin goma a gwajin da nayi musu kan wannan darasin.

Roba tana shanye maganin, wanki baya fitar dashi duka. A 2013 a jihar Bihar ta Indiya yara 23 suka rasu bayan cin abincin makaranta, bincike ya nuna man girkin ya gauraya da wani maganin ƙwari mai suna monokurotofos. Irin wannan maganin abinda yake yi shine ya hana jijiya tsayawa bayan ta isar da saƙo, sai tayi ta harbawa ba birki, shi yasa zaka ga mutum yana dalalar da miyau, zufa, amai, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura, numfashi na sarƙewa. Kuma ba sai an sha ba, ta fata ma yana shiga, mai feshi da jiƙaƙƙiyar riga a bayansa yini guda sha yake bai sani ba.

Tun ranar na daina haddar sunaye dasu. Hotunan takardun jikin gora nake kawowa muna karantawa tare, launin layin dake gindin takardar ke nuna haɗarin maganin, ja mafi haɗari, sai rawaya, shuɗi, kore. Muna gwada yadda za'a cire wa mutum kaya a wanke shi da ruwa da sabulu, kar a sa shi amai dole, a garzaya asibiti da gorar a hannu don likita yasan wanne ne. Wata yarinya tazo tana bani labari wai ta hana babanta busa bakin injin feshi da baki in ya toshe, yayi mata faɗa amma dai ya nemi tsinke.

Don Allah malamai 'yan uwana ku riƙa duban abinda ke kan bencin yara, ku kuma jaridu ku riƙa buga launukan nan. Shi dai yaron na bashi tawa gorar, tasa kuma na huda ta da ƙusa a gaban aji.

Naku,
Wani malamin makaranta