Littafin nan da ka ba ni ya cika

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Wata bakwai ke nan ba ka ji daga gare ni ba, ni ma ban ji daga gare ka ba, saboda haka kada wanda ya ɗora wa wani laifi. Wata tambaya ce ta sa na zauna rubuto maka, amma bari in fara sauke abin da ke cina. Littafin zanen nan mai baƙin bango da ka danƙa mini ranar da za ka tafi ya cika fal! Shekara uku yana jakata da shafi goma sha ɗaya kacal, sai ga shi tafiyar kwana tara ta cinye sauran.

A wata tashar jirgin ƙasa abin ya faru. Jirgi ya yi latti, ga wani dattijo a benci yana gyangyaɗi, jakarsa tsakanin ƙafafunsa. Na fara yadda na saba, ina bin gefen fuskarsa da siririn layi, sai bakin fensirina mai ɗan tauri, HB, ya karye, mafiƙi kuma yana can ƙasan kaya. Abin da ya rage a aljihu guntun 4B ne, fensir mai laushi, da bakinsa ya dakushe. Da shi ba a iya jan siririn layi, don haka na ƙanƙance ido har fuskar ta koma dunƙulen haske da duhu, na kwantar da fensirin a gefensa, na shafa duhun da ke ƙarƙashin girarsa, da na gefen hanci, da na ƙasan haɓa. Wallahi da na buɗe ido sosai, tsigar jikina ta tashi. Ga hanci nan a takarda, alhali ban zana hanci ba. Farar takardar da na bari ita ta zama goshi da kunci.

Tun daga nan inuwa nake bi duk inda na sauka. Ashe ba launi ɗaya gare ta ba. Inda jakar ta taɓa ƙasa nan ne baƙi ƙirin, ɗan siriri kamar zare, kuma idan ka manta da shi sai jakar ta yi kamar tana reto a iska. Can cikin ɓangaren duhu kuwa akwai wani ɗan haske da ƙasa ke maidowa, wanda hannu ke ɗokin haskakawa fiye da kima. Kada ka biye masa. Ya kamata ya fi duk abin da ke ɓangaren rana duhu.

Kai kuma sarkin taunar fensir, kwantar da hankalinka, babu dalma a ciki ko ɗigo. Garin girafayit ne da yumɓu aka kwaɓa aka gasa. Wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da dabarar a 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun girafayit na Borrowdale da ke Ingila. Yumɓu ya yi yawa, fensir ya yi tauri, shi ne jerin H. Ya yi kaɗan, ya yi laushi da baƙi, shi ne jerin B. Yanzu uku nake ɗauka, HB da 2B da 6B, sun ishe ni.

Af, na gamu da mutuminmu mai kyamara, har yanzu yana nan da musunsa. Wai me zai sa in ƙona awa biyu cikin rana ina zana wata gada, tunda waya za ta ɗauke gadar kafin ƙiftawar ido. Ya kuma yi ƙiba, ka gan shi kuwa? Yayarka ma ta ce in faɗa maka fushi take, ka san dalili. Ban ba shi amsa ba, amma gadar nan ta koya mini abu. Rana tana matsawa digiri 15 a kowace awa, kafin in gama ginshiƙi na uku inuwar na farko ta kauce daga inda na bar ta. Yanzu da na zauna, iyakar inuwa nake fara shatawa da HB a hankali, in rubuta lokaci da inda haske ke fitowa a gefen shafi, sannan in cika duhun ko da rana ta gusa. Delacroix ma, mai zanen nan Bafaranshe, da ya je Maroko a 1832 haka ya riƙa cusa rubutu tsakanin zane-zanensa, har da sunayen launuka, don kada ya manta in ya koma gida. Hotunan wayar ban sake buɗe su ba, amma gadar nan ko yanzu zan gaya maka dutse nawa ne a bakanta.

Abu ɗaya ke damuna. 6B yana zuba, ya shafi shafin da ke fuskantarsa, kuma dattijon nan nawa ya fara dusashewa saboda gogayya cikin jaka. Na ji zafin wannan ƙwarai. Na saka siririyar takarda tsakanin shafuka, na ɗaure littafin da roba, nan gaba kuma a fuska ɗaya ta takarda kawai zan riƙa zane. Ku bahagwai da hannunku ke share abin da kuka rubuta, yaya kuke yi? Kada ka fara yi mini alfahari da Leonardo da Vinci, mai zanen nan bahago, na san layukan inuwarsa daga hagu sama suke gangarowa dama ƙasa kamar naka. Shi dai ya cika littattafansa, naka fa?

Tambayar da na fara da ita ta kwanta mini, in ta dawo zan sake rubutowa. Kafin nan ka zauna bakin tagarka da la'asar, ka zana mini abin da kake gani, ko na minti goma ne, ka aiko. Ina son in ga irin hasken garin da ya riƙe ka. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
abokinka.